Za a Hau Bisa

Bawa mutumin Maruda ne, sana'arsa wankin tagogi. Wanda bai san ƙasar nan ba zai yi mamakin jin mutum na ciyar da iyali da wannan, a wurin da shekarun baya kaɗan taga rami ce a jikin bango, idan sanyi ya dame ka ka toshe ta da tsumma. To zamani ya zo da gilashi. Duk wanda ya yi kuɗin shinkafa ko na albasa, ko ya ɗan ɗana wata kujera a ƙaramar hukuma, sai ya ɗora bene ya liƙa masa gilashi mai duhu, daga baya ya gano cewa gilashi ba ya wanke kansa. Tantabaru su yi masa kashi, zanzaro ya yi gini a kusurwa, gizo-gizo ya yi saƙa, damina ta zo ta yi feshin laka. Sai a aika a kira Bawa. Ya ɗaure tsaninsa a gefen babur, ya rataya bokiti da tsummoki, ya kama hanya, yau Gwandu, gobe wani ƙauye, jibi har Kalgo idan aikin ya kai a sha man babur dominsa.

Ƙarshen daminar bara ƙafar tsanin ta nutse a ƙasa mai laushi a bayan wani gida, Bawa yana can sama da tsumma a hannu. Ya zo ƙasa da ƙugu. Mai ɗori ya yi iya abin da ya sani, ƙafar ta warke amma ta dawo a gajarce, kuma faɗuwar ta bar masa wani abin da ɗori ba ya kamawa: da zarar ya taka tsani ya ɗan yi nisa da ƙasa, sai gari ya fara juya masa. Matarsa Ladi ce ta yi watanni tana ɗaga shi tana kwantarwa, tana kai shi bayan gida kamar jariri. Ranar da ya fara tafiya ba sanda ta gaya masa, ba da faɗa ba, cewa ta yi na farko don Allah, amma ƙashin bayanta ba zai ɗauki na biyu ba, nasa ma ba zai ɗauka ba. Bawa ya yi mata tsaki, kamar yadda wanda matarsa ke raye yake yi, don yana ganin kullum za a sami mai yi masa irin wannan magana. Amma ya san gaskiya ta faɗa. Idan ya sake faɗowa, ba zai tashi ba.

A Kalgo ya ga mafita. Ya je gaida wani ɗan'uwansa, sai ya tarar da wasu mutane suna wanke gilashin wani sabon ofis, dukansu ƙafafunsu a ƙasa. Sanda ce doguwa, marar nauyi, tana zuƙewa tana miƙewa gaɓa-gaɓa kamar eriyar rediyo. A kanta akwai buroshi, siririn tiyo ya bi jikinta ya sauko zuwa jarka, ƙaramin famfo mai batir yana tura ruwan sama. Tsakanin jarkar da tiyon akwai wata tukunya mai tace ruwa har sai ba sauran gishiri ko kanwa a cikinsa, shi ya sa ba a bi da tsumma. A goge, a ɗauraye, a bar gilashin a jiƙe, ya bushe da kansa tas ba zane. Bawa ya tsaya yana kallo har suka naɗe tiyonsu. Bai koma gida ba sai da ya san inda ake samunta.

Ya sayar da ragon Ladi, da yardarta. Ya sayar da rabin dawar da ya noma. Ya sayar da tsanin ma, ga Sadiƙ mai jan wayar lantarki, kuma wannan ne cinikin da ya fi yi masa daɗi, har ya taya Sadiƙ ɗaure shi a babur.

Da farko ƙauyawa sun yi gunaguni. Mutanenmu ba su yarda an yi aiki ba sai sun ga mai aikin ya wahala, ga shi Bawa yana gamawa ko gumi bai yi ba, ya bar musu taga tana ɗigar ruwa. Wani mai shagon magani a Wurogauri ya ce masa idan jiƙawa ce ai hadari ma yana yi kyauta. Washegari da gilashin ya bushe ya ga fuskarsa a ciki har da gibin haƙorinsa, sai ya yi shiru, wanda a wurin irinsa yabo ne. Ladi ta daina tsayawa a bakin zaure idan ya yi latti. Bawa ya fara ƙiba.

Saura gidan Alhaji Abdulgani a Gwandu, kuma shi ne gidan da ke da muhimmanci. Benen Alhaji ya fi kowane gini tsawo a unguwar, gilashi ta kowace fuska, ɗakunan saman kuwa ba mai kwana a ciki sai buhunan taki. Sauran masu benaye ba su da ra'ayin kansu a kan komai. Wanda ya yi wa Alhaji fenti shi zai yi musu, wanda Alhaji ya sallama sun sallame shi tun kafin su ji laifinsa. Wanda ke wanke tagar Alhaji shi ke wanke ta Gwandu.

Akwai al'ada a garin, tsohuwa kuma mai kyau. Namiji ba ya hawa inda zai hango tsakar gidan wani sai ya sanar. Magini ne zai hau rufi, ko mai sassabe zai hau bishiya, sai ya zaga ya ɗaga murya: za a hau bisa, mata a shiga ɗaka. Matan da ke aiki ba lulluɓi su bar abin da suke yi su shige, har sai an ce an sauko. Da can Bawa yakan yi wannan kira duk zuwansa. Daga kan tsaninsa ana ganin tsakar gidaje da yawa, don haka unguwa guda ce ke tsayawa: daka ya tsaya, wanki ya tsaya, surfe ya tsaya. Alhaji kuwa yakan sa a fito masa da kujera ƙofar gida, ya zauna da baƙinsa yana jan carbi. Bawa ya yi shekaru yana ganin wannan zama, bai taɓa tambayar kansa abin da Alhaji ke saurare ba.

Ranar da ya fara zuwa da sandar bai yi kira ba, don ba abin da zai hau. Ya jingina babur, ya haɗa tiyo, ya miƙa sanda, ya bi tagogin ɗaya bayan ɗaya. Ana ta daka a maƙwabta. Yana naɗe kayansa Alhaji ya fito yana gyara hula, ya tambaye shi yaushe zai fara.

Bawa ya ce ai ya gama.

Alhaji ya ɗaga kai ya bi gilashin da kallo, yana neman inda zai kama. Babu. Bai taɓa ganin tagoginsa da irin wannan haske ba, kuma hakan bai faranta masa rai ko kaɗan ba. Ya yi tambaya a kan ruwan, ya yi tambaya a kan buroshin, ya ce ko ba zai kankare masa duhun gilashin ba. Bawa yana amsawa da zumuɗin mutumin da ya ɗauka ana sha'awar kayansa. Sai can Alhaji ya zo inda yake son zuwa.

"Ni ban ji kira ba."

"Ai ba a hau ba, Alhaji. Daga ƙasa nika yi yanzu."

"Wanga abu da ka miƙa, bai wuce katanga ba?"

"Ya wuce, ranka shi daɗe. Amma sanda ba ta da ido."

Alhaji ya yi murmushin da yake yi idan zai ƙi mutum da sunan addini. Ya yi bayani mai tsawo a kan haƙƙin maƙwabci, yadda magabata suka tsananta a kansa, yadda garin nan gari ne na malamai ba irin garuruwan da kowa ke yin abin da ya ga dama ba. Ya ce shi ba zai yarda a ce daga gidansa aka fara zubar da al'ada ba. Wannan mutum ne da ya fitar da bututun ruwan wankansa ya zuba a lungun da maƙwabtan nan ke bi zuwa masallaci, amma ranar nan haƙƙinsu ya hana shi sukuni. Ya rufe da cewa idan Bawa zai ci gaba da zuwa, to a ji kira kamar da.

A hanyar Maruda Bawa ya juya maganar ya ga ba ta da nauyi. Kira dai murya ce, ba ta karya ƙugu. Idan abin da Alhaji ke so ke nan, a ba shi. Bai yi tunanin waɗanda ake yi wa kiran ba, don bai taɓa zama a ɗaki yana jin tukunyarsa tana ƙonewa a waje ba.

Zuwa na gaba ya zaga lungunan kamar yadda ya saba.

"Za a hau bisa! Mata a shiga ɗaka!"

Taɓarya ta yi shiru, unguwa ta mutu. Bawa ya dawo ya tsaya a kan ƙafafunsa biyu, doguwa da gajeriya, ya wanke gilashi. Alhaji yana kan kujera da baƙi daga Birnin Kebbi, yana gaya musu cikin nuna gajiya cewa haka abin yake duk lokacin da za a taɓa saman gidan nan, shi kansa ba ya jin daɗin takura wa mutane, amma ya zai yi da tsawon gini. Da ya ga aikin na saurin ƙarewa, ya aika a gaya wa Bawa ya bi a hankali, ba kora ake yi ba. Bawa ya sake bin tagogin da ya riga ya wanke.

Haka aka yi ta yi har aka girbe shinkafa.

Bayan katangar Alhaji ta gabas akwai gidan Larai. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya da tsakar gida mai faɗi, ita kuma ta mai da tsakar gidan wurin neman abinci. Tana sayen shinkafa shanshera, mai ɓawonta, ta jiƙa, ta turara a rabin ganga, ta baza a tabarmi ta bushe, ta kai inji. Aiki ne da ba ya son a juya masa baya. Idan turarar ta wuce ƙa'ida shinkafar ta yi baƙi, idan aka bar shanya ba mai tsaro kajin unguwa da tantabarun Alhaji su yi biki. Duk kiran Bawa asara ce a wurinta, ta san haka tun zamanin tsani, kuma ba ta taɓa cewa komai ba. Namiji a sama namiji ne a sama, ba a jayayya da wannan.

Ranar da abin ya fashe, akuyar wani ce ta tura ƙyauren gidanta ta shigo ta hau shanya. Larai tana ɗaki tana kallo ta labule, akuya tana ci da baki tana watsawa da ƙafa. Ta daure, ta daure, ta kasa. Ta zura hijabi ta fito da muciya, ta bi akuyar har waje, akuya ta sha kwana ta lungun Alhaji, Larai ta sha kwana a bayanta. Sai ga Bawa a tsaye a ƙasa, ya saƙale sanda a kafaɗa, yana tauna goro, ruwa na gangarowa daga tagar sama.

Ta tsaya. Ta dubi ƙafafunsa, ta dubi bango, ta nemi tsani ba ta gani ba.

"Bawa, ina bisan da ka hau?"

"Inna Larai, ai wanga sabon kaya ne, shi ka hawa, ni..."

"Tun yaushe?"

Ta tuna duk ranakun da ta zauna a ɗaki cikin zafi tana jin kaji a kan shinkafarta. Ba ta yi ihu ba. Ta ce masa kawai ta gode, ta juya, ta bar akuyar ta tafi abinta. Kafin la'asar babu gidan da labarin bai shiga ba, kuma mazan da ba su taɓa sanin matansu na asarar komai ba sun wayi gari da fushin an raina musu iyali.

Aka taru a zauren mai unguwa. Larai ta yi magana daga bayan ƙofa, a taƙaice, ta faɗi abin da ta gani da abin da ta rasa. Bawa ya ce shi umarni aka ba shi. Da aka tambaye shi wa ya ba shi, ya dubi inda Alhaji ke zaune a kan darduma mafi laushi, sai ya ce a'a, shi dai ya ga kamar hakan ya fi zama ladabi. Alhaji ya nuna mamaki ƙwarai. Ya ce shi ya ce a yi kira ne saboda a zatonsa ana hawa, yana ƙofar gida, ina zai san abin da ke faruwa a lungu.

Mai unguwa dattijo ne da ya daɗe a kan buzunsa, kuma ya daɗe ne saboda bai taɓa yanke hukuncin da ya taɓa mai bene ba. Shinkafar azuminsa daga gidan Alhaji take zuwa. Ya shiga shafa gemu, yana neman wurin da zai ajiye laifin inda ba zai ɓata wa kowa mai amfani rai ba. Ya same shi. Ya ce al'ada ba ta yi laifi ba, sanda ba ta yi laifi ba, Alhaji bai yi laifi ba. Laifin ƙarya ce, a ce za a hau alhali ba a hau ba. Don haka daga yau wanda ya yi kira to ya hau, wanda ba zai hau ba ya riƙe bakinsa.

Zaure ya ɗauki kabbara ƙasa-ƙasa. Aka yi ta jinjina hikimar, har wani ya ce irin wannan hukunci sai garin nan. Bawa ma ya ji sanyi a ransa, don ya ɗauka an 'yanta shi: ba kira, ba hawa, sanda ta yi aikinta. Ya fito yana neman takalminsa, sai Alhaji ya dafa masa kafaɗa.

"Ka ji hukunci, ko? Ni ba ni son ƙarya a gidana. Ran Alhamis ka taho da tsani."

"Alhaji, ka san ƙahwata."

"Na sani, Allah shi ƙara sauƙi. In ba ka iyawa ka hwaɗa mini, kada in takura maka. Akwai masu iyawa."

Bawa bai tafi gida kai tsaye ba. Ya bi gidajen sauran masu benaye yana gaisuwa, yana shigo da maganar sanda a fakaice. Ɗaya ya ce zai ga yadda Alhaji ya yi tukuna. Ɗaya ya ce tagoginsa ba su yi datti ba, alhali kashin tantabara ya rufe rabinsu. Na ƙarshe, wanda benensa ko rufi ba a gama ba, ya ce shi ma dama yana so ya yi masa magana, don me ba a yin kira idan an zo nasa gidan, ko nasa ba bene ba ne.

Ladi tana tankaɗe ya gaya mata. Ba ta ɗago ba. Ta tambaye shi ko ƙauyuka ba za su riƙe su ba, ya ce ƙauyuka taga nawa gare su, mai shagon magani sau nawa zai wanke gilashi a shekara. Ta ce a koma gona. Ya ce da wace ƙafar, kuma rabin dawar ma tana jikin sanda. Ta ci gaba da tankaɗe har garin ya ƙare, ta kakkaɓe rariya.

"Baban Khadija, ni na hwaɗi tawa tun kana kwance."

Ta ɗauki garin ta shige ɗaki. Shi kuma ya tashi ya tafi wurin Sadiƙ mai jan waya aron tsanin da ya taya shi ɗaurewa. Sadiƙ ya ba shi, ya ce a dawo da shi kafin Juma'a, kuma a kula da matakin tsakiya, ya fara motsi.

Ran Alhamis da hantsi Bawa ya iso da kaya biyu a babur ɗaya, tsani a dama, sanda a hagu, yana tafe kamar mai ƙaura. An riga an fito wa Alhaji da kujera. Bawa ya zaga lungunan ya yi kiran, muryarsa ba ta kai ta da ba, amma ta isa. Daka ya tsaya.

Ya jingina tsanin a bangon gabas, ya danna ƙafarsa a ƙasa ya ji ta tsaya. Dabararsa ita ce ya hau kaɗan, iyakar abin da za a kira hawa, sauran sanda ta ƙarasa. Ya kunna famfo, ya ɗauki sandar, ya taka matakin farko da ƙafar ƙwarai, ya jawo gajeriyar. Ya ƙara. Sandar da ba ta da nauyi a ƙasa ta zama wani abu dabam a kan tsani, tana rinjayarsa baya, tiyo yana naɗe masa idon sawu, ruwa yana zubowa ta hannun rigarsa yana jiƙa matakan. Hannu ɗaya ga sanda, ɗaya ga tsani, ba na uku. Ya ƙara hawa har hularsa ta kai daidai kan katangar Larai. Nan gari ya fara juyawa a hankali. Ya manna goshinsa a ƙarfen ya tsaya.

Ta cikin katanga ya ji takun mutum. Larai ce, cikin hijabi har ƙasa, ta fito tsakiyar shanyarta ta tsaya ta ɗaga kai. Ba ta shiga ɗaki ba tukuna. Ta zo ta gani da idonta.

"Bawa, kai ne nan?"

"Ni ne, Inna. Na hau."

"Hula nika gani. Hula ko bisa sanda ana ɗora ta. Ƙara ɗaya in ga hannunka da kahwaɗa, in shiga ɗaka da hujja."

Daga ƙofar gida ana jin muryar Alhaji yana gaya wa wani baƙo yadda tsawon gini ke da ɗawainiya. Bawa ya dubi matakin da ke gabansa, jiƙaƙƙe, yana sheƙi. Ya gyara riƙon sandar, ya yi bisimilla, ya ɗaga gajeriyar ƙafar.